Aikin Kwangilar Kwamfuta a Birtaniya: Yadda Ake Samunsa da Yadda Hukumar Haraji Take Kallon Mai Yinsa

A kasuwar ayyukan na'ura mai ƙwaƙwalwa ta ƙasar Birtaniya akwai wani rukunin ƙwararru waɗanda ba sa jiran albashin ƙarshen wata. Bankuna da kamfanonin inshora da ma'aikatun gwamnati sukan ɗauke su na ɗan lokaci, galibi wata uku ko shida, domin su rubuta manhaja, ko su gyara rumbun bayanai, ko su toshe kafofin da ɓarayin intanet suke bi. Ana biyansu gwargwadon yawan ranakun da suka yi aiki, idan kwangila ta ƙare kuma kowa ya kama gabansa. Duk wanda ya duba tallace-tallacen irin wannan aiki zai tarar cewa akasarinsu suna ɗauke da ɗaya daga cikin alamomi biyu, wato ko dai aikin yana "cikin IR35" ko kuwa yana "wajen IR35". Wannan ɗan gajeren bayani shi ne yake nuna yadda hukumar haraji za ta ɗauki mai aikin, ko a matsayin ɗan kasuwa mai zaman kansa, ko a matsayin ma'aikacin albashi. Tun da matasan Nijeriya masu ilmin kwamfuta suna ƙara yawa a wannan kasuwa, wasu suna zaune a can wasu kuma suna aiki daga gida, ya dace a fahimci yadda tsarin yake.

Hanyar samun aikin ba ta da wani sirri mai yawa. Manyan kamfanoni ba kasafai suke neman ɗan kwangila da kansu ba, sai dai su miƙa bukatarsu ga kamfanonin dillancin ma'aikata. Dillalan su ne suke buga talla a shafuka irin su Jobserve, wanda ya fara aiki tun 1993, da CWJobs da LinkedIn, su tace masu nema, su gabatar da biyu ko uku, sa'an nan su ɗauki la'adarsu daga cikin abin da kamfanin yake biya a kowace rana. Abin da ake nema wurin ɗan kwangila ya bambanta da abin da ake nema wurin ma'aikacin dindindin. Babu wanda zai koya masa aiki, kuma babu wanda ya damu da inda yake son kaiwa nan da shekara goma. Ana son mutumin da ya taɓa yin ainihin wannan aiki a wani wuri, wanda kuma zai iya farawa ranar Litinin mai zuwa. Saboda haka takardar tarihin aikinsa kan jera ayyukan da ya kammala da irin manhajojin da ya yi amfani da su, kuma sau da yawa hira guda ɗaya ce take yanke magana. Waɗanda suka daɗe a harkar kuwa, sukan sami ayyuka ta hannun tsofaffin abokan aiki.

Inda magana take da tsawo shi ne wajen haraji, kuma ba za a gane ta ba sai an koma shekarun 1990. A wancan lokaci, musamman da aka shiga fargabar cewa na'urori za su rikice idan shekara ta 2000 ta kama, masu ilmin kwamfuta sun yi tsada ƙwarai. Da yawa daga cikinsu suka yi rajistar ƙananan kamfanoni nasu na kansu, inda mutum ɗaya shi ne darekta, shi ne mai hannun jari, shi ne kuma ma'aikaci. Kuɗin kwangila ya shiga asusun kamfanin, mai kamfanin ya yanka wa kansa ɗan ƙaramin albashi, sauran kuma ya ɗauka da sunan rabon riba. Amfanin wannan dabara a fili yake. A Birtaniya ana biyan kuɗin inshorar ƙasa a kan albashi, ma'aikaci ya biya nasa kaso, wanda ya ɗauke shi aiki ma ya biya nasa, amma ba a biyan wannan kuɗi a kan rabon riba. Gwamnati ta koka cewa mutum yakan ajiye aiki ranar Juma'a, ya dawo ranar Litinin kan teburinsa na jiya, yana yin aikinsa na jiya a ƙarƙashin shugabansa na jiya, amma yanzu da sunan kamfani.

A ranar 9 ga watan Maris na 1999, ranar da ministan kuɗi Gordon Brown ya gabatar da kasafin kuɗi, hukumar tara haraji ta cikin gida ta fitar da jerin sanarwoyi ga manema labarai. Ta 35 daga cikinsu ita ce ta yi bayanin matakin da za a ɗauka a kan wannan dabara, kuma daga lambar wannan sanarwa ne sunan IR35 ya samo asali. Dokar ta fara aiki a watan Afrilu na 2000. 'Yan kwangila sun kafa ƙungiya a 1999 domin su yaƙe ta, suka kai gwamnati kotu, amma suka sha kaye a 2001. Ƙungiyar tana nan har yanzu da sunan IPSE. Ita kuma hukumar harajin an haɗe ta da hukumar kwastan a 2005, aka sami wadda ake kira HMRC.

Tambayar da dokar take yi guda ɗaya ce. Da a ce babu wannan ƙaramin kamfani a tsakani, da mutumin yana hulɗa kai tsaye da wanda yake yi wa aiki, shin za a kira shi ma'aikaci? Idan amsar ita ce e, to aikin yana cikin IR35, kuma za a karɓi haraji kusan daidai da na mai albashi. Idan amsar a'a ce, aikin yana waje, kamfaninsa ya ci gaba da biyan haraji irin na kowane kamfani.

Matsalar ita ce majalisa ba ta rubuta ma'anar "ma'aikaci" dalla-dalla ba, ta bar wa alƙalai. Ma'aunin da kotuna suke amfani da shi ya fito ne daga wata shari'a ta 1968 wadda ba ta da alaƙa da kwamfuta ko kaɗan, tsakanin kamfanin Ready Mixed Concrete da ma'aikatar fansho, a kan wani direban motar kwaɓaɓɓen siminti wanda motar tasa ce. Mai shari'a MacKenna ya yanke cewa direban mai zaman kansa ne, ya kuma shimfiɗa sharuɗɗan da ake dubawa. Na farko shi ne iko, wato wa yake cewa ga abin da za a yi, ga yadda za a yi shi, ga lokaci, ga wuri. Ƙwararren da aka ce masa ya gina tsarin biyan kuɗi ya miƙa shi nan da wata huɗu, aka bar shi ya tsara aikinsa, ya yi kama da ɗan kasuwa. Wanda kuwa yake halartar taron safe kullum, ana ba shi aikin yau, gobe a ɗauke shi a kai shi wani sashe, yana neman izini kafin ya tafi hutu, ya yi kama da ma'aikaci ko da wane suna aka rubuta a takarda. Na biyu shi ne ko wajibi ne shi da kansa ya yi aikin. Mai gyaran famfo yana iya turo yaronsa, mai gida bai damu ba muddin ruwa ya daina zuba, amma akawun ofis ba ya turo ƙanensa ya zauna masa. Na uku shi ne nauyin da yake kan kowane ɓangare, ɗaya ya yi aiki ɗaya ya biya. Bayan waɗannan akan duba sauran alamomi: ko mutumin yana iya yin asara, ko yana gyara kuskurensa da kuɗinsa, ko da kayan aikinsa yake aiki, ko yana da wasu abokan ciniki, ko kuwa ya narke cikin ma'aikatan wurin har yana da mutane a ƙarƙashinsa.

Darasi mafi muhimmanci a nan shi ne kotu tana kallon abin da yake faruwa a wurin aiki, takardar yarjejeniya kuma shaida ce kawai daga cikin shaidu. Lauyoyi sun daɗe suna cusa wa yarjejeniyoyi sharaɗin cewa ɗan kwangila yana da damar turo madadinsa. A shari'ar Autoclenz ta 2011, wadda ta shafi masu wanke motoci, Kotun Ƙoli ta ce sharaɗin da kowa ya san ba za a taɓa aiki da shi ba, ba shi da nauyi. Kafin wannan, a 2008, wani ƙaramin kamfani mai suna Dragonfly Consulting, na wani mai gwajin manhaja da ya shafe kimanin shekara uku yana yi wa ƙungiyar masu motoci ta AA aiki, ya faɗi a Babbar Kotu, aka ɗora masa bashin haraji na kusan fam 99,000. Abin da ya kayar da shi har da shaidar da jami'an AA suka bayar cewa shi suke so da kansa, kuma ana duba aikinsa. A watan Satumba na 2024 Kotun Ƙoli ta ƙara tsananta al'amarin a shari'ar alƙalan wasan ƙwallon ƙafa, inda ta nuna cewa ko aikin wasa ɗaya yana iya cika sharaɗin nauyi da na iko, ko da yake ta mayar da shari'ar ƙaramar kotu domin a auna sauran alamomi.

Shari'o'in da suka fi yin amo na ma'aikatan talabijin ne, kuma sun nuna irin rashin tabbas ɗin da yake cikin dokar. Christa Ackroyd ta BBC ta faɗi a 2018, aka bi ta fiye da fam 400,000. Lorraine Kelly ta ITV ta yi nasara a 2019 a kan fam miliyan 1.2. Tsohon ɗan wasa Gary Lineker ya yi nasara a 2023 a kan fam miliyan 4.9. Mutane ne masu sana'a iri ɗaya, amma hukunci ya bambanta bisa ƙananan bayanai. Su dai suna da abin biyan lauya na shekaru. Mai rubuta manhaja ba shi da shi.

Shekara 17 na farko, nauyin tantance matsayi yana kan ɗan kwangilar ne, kuma ba abin mamaki ba ne cewa kaɗan ne suka ce suna ciki. Hukumar ba ta da ma'aikatan da za su bi dubban ƙananan kamfanoni ɗaya bayan ɗaya. Sai gwamnati ta juya al'amarin. Daga watan Afrilu na 2017, ma'aikatun gwamnati su ne suke tantance matsayin duk wanda suka ɗauka. An shirya faɗaɗa wannan ga manya da matsakaitan kamfanoni masu zaman kansu a 2020, annobar korona ta sa aka ɗaga zuwa watan Afrilu na 2021. A watan Satumba na 2022 ministan kuɗi Kwasi Kwarteng ya ba da sanarwar soke gyaran, amma bai kai wata guda ba aka sauke shi, wanda ya gaje shi, Jeremy Hunt, ya janye alkawarin.

A ƙarƙashin wannan tsari, wajibi ne mai ba da aiki ya rubuta takardar da take bayyana matsayin da ya yanke da dalilansa, ya ba ɗan kwangila da dillali. Idan ɗan kwangila bai yarda ba yana iya ƙorafi, kuma dole a amsa masa cikin kwana 45, sai dai wanda ya yanke hukuncin shi ne dai yake sauraron ƙorafin. Idan aikin yana ciki, wanda yake biyan kamfanin ɗan kwangilar, galibi dillali, shi ne zai cire haraji kafin ya biya. An keɓe ƙananan kamfanoni daga wannan nauyi, haka nan kamfanonin da suke wajen Birtaniya gaba ɗaya. Idan ɗan kwangila yana yi wa irin waɗannan aiki, tsohon tsari ne yake aiki, shi zai tantance kansa, shi kuma zai ɗauki bashin idan ya yi kuskure. Hukumar ta samar da wata manhajar tambayoyi mai suna CEST a 2017, ta ce za ta tsaya a kan sakamakonta muddin an amsa da gaskiya. Manhajar takan kasa yanke hukunci a wasu lokuta. Ma'aikatar ayyuka da fansho ta gwamnatin ita kanta, wadda ta yi amfani da manhajar, sai da ta biya kusan fam miliyan 88 saboda kurakuran tantancewa, kamar yadda asusunta na 2021 ya nuna.

Sakamakon da masana tattalin arziki suka yi hasashe shi ne ya faru. Da zarar haɗarin ya koma kan masu ba da aiki, sai suka guje shi. Wasu manyan bankuna sun daina ɗaukar 'yan kwangila masu kamfanonin kansu tun kafin dokar ta fara aiki, suka ce duk mai son aiki ya bi ta abin da ake kira kamfanin laima. Kamfanin laima ba ya samar wa kowa aiki. Abin da yake yi shi ne ya ɗauki ɗan kwangila a matsayin ma'aikacinsa a takarda, ya karɓi kuɗin daga dillali, ya cire haraji da ladansa, ya biya sauran.

A nan ne sabon shiga yakan ruɗu, domin kuɗin ranar da aka rubuta a talla ba albashinsa ba ne. A ɗauki misalin mutumin da aka ce za a biya fam 500 a rana, ya yi aiki kwana 220 a shekara, wato fam 110,000. Idan ta kamfanin laima ya bi, bisa ƙa'idojin shekarar haraji ta 2025 zuwa 2026 a Ingila, daga wannan kuɗi za a fara cire kason inshorar ƙasa na mai ɗaukar aiki, wanda ya tashi daga kashi 13.8 zuwa kashi 15 cikin 100 a watan Afrilu na 2025, da harajin horar da masu koyon sana'a na rabin kashi ɗaya, da ladan kamfanin. Waɗannan za su ci kusan fam 15,000, albashin ya tsaya kusan fam 95,000. Daga nan a cire harajin kuɗin shiga, wanda babu shi a kan fam 12,570 na farko, sai kashi 20, sai kashi 40 a kan abin da ya haura fam 50,270, da kuma nasa kason na inshorar ƙasa. Abin da zai kai gida bai wuce fam 65,000 da ɗan wani abu ba. Kuɗin hutunsa ma daga cikin wannan lissafi yake fitowa.

Idan kuwa aikin yana waje, ya bi ta kamfaninsa, ya kashe kamar fam 3,000 a kan akanta da inshora, ya ɗauki ƙaramin albashi, ya biya harajin kamfani, wanda tun 2023 yake farawa daga kashi 19 ya hau zuwa kashi 25, sa'an nan ya kwashe duk sauran a matsayin rabon riba ya biya harajinsa, zai tashi da kimanin fam 70,000 bisa ƙa'idojin shekarar haraji ta 2025 zuwa 2026. Tazarar ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba. A shekarun 1990 tana da faɗi, amma sauyin harajin rabon riba na 2016 da ƙarin harajin kamfani sun cinye yawancinta. Amfanin da ya rage wa mai kamfani shi ne ikon barin kuɗi a asusun kamfanin har zuwa shekarar da aiki ya yi ƙaranci, da cire kuɗin tafiya da kayan aiki, da zuba kuɗi a fansho. Ga mai sana'ar da take iya yankewa wata uku ba tare da gargaɗi ba, wannan ikon ba ƙaramin abu ba ne. Abin da ya fi ƙona ran 'yan kwangila kuwa, kuma suna da hujja, shi ne wanda aka sa a cikin IR35 ta kamfaninsa yana biyan haraji irin na ma'aikaci, amma wannan bai ba shi haƙƙin ma'aikaci a wurin da yake aiki ba, babu albashin jinya, babu kuɗin sallama. Dokar haraji da dokar ƙwadago kowacce da nata ma'aunin.

Akwai kuma tarko. Wasu kamfanonin laima sukan yi alkawarin cewa mutum zai kai gida da kashi 80 ko fiye na kuɗinsa. Lissafin da ya gabata ya isa ya nuna cewa hakan ba ya yiwuwa ta halastacciyar hanya. Dabarar da aka fi sani ita ce a biya mutum da sunan rance wanda ba za a taɓa nema ba. A 2019 gwamnati ta ɗora haraji a kan irin waɗannan basussuka na shekarun baya, dubban mutane, da yawansu masu aikin kwamfuta, suka wayi gari da bashin da ya fi ƙarfinsu, alhali waɗanda suka sayar musu da dabarar sun daɗe da rufe ofis. Tun watan Afrilu na 2020 doka ta wajabta wa dillali ya ba mai neman aiki takardar da take nuna duk abin da za a cire daga kuɗinsa kafin ya sa hannu, kuma mai hankali ba ya karɓar aiki sai ya ga wannan takarda. Gwamnati ta kuma tsara cewa daga watan Afrilu na 2026 za a iya bin dillali bashin harajin da kamfanin laimar da ya yi hulɗa da shi ya ƙi biya.

Ga ɗan Nijeriya da yake zaune a Birtaniya, kafin maganar haraji akwai maganar biza. Bizar ɗalibi ba ta yarda da sana'ar zaman kai ba ko kaɗan. Bizar ƙwararren ma'aikaci a ɗaure take da kamfanin da ya ɗauki nauyin mutum, don haka ba zai iya ajiye wannan aiki ya rayu da kwangiloli ba. Bizar da ake ba waɗanda suka kammala karatu a can ita ce ta buɗe wannan ƙofa na ɗan lokaci.

Wanda kuma yake zaune a Kano ko Legas ko Abuja yana yi wa kamfanin Landan aiki ta intanet, bai taka ƙasar ba, a bisa al'ada IR35 ba ta hau kansa ba, domin ba mazaunin Birtaniya ba ne kuma ba a can yake yin aikin ba. Hukumar da take jiransa ta gida ce. Nijeriya tana karɓar haraji daga mazauninta a kan duk abin da ya samu, daga gida ne ko daga waje, kuma mai zaman kansa yakan bayyana kuɗin shigarsa a kowace shekara ga hukumar tara kuɗin shiga ta jihar da yake zaune. Dokar haraji da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a ranar 26 ga watan Yuni na 2025, wadda aka sa ta fara aiki a ranar 1 ga watan Janairu na 2026, ta yafe haraji a kan naira 800,000 na farko a shekara, daga nan kaso yana hawa daga 15 har zuwa 25 cikin 100 a kan abin da ya haura naira miliyan 50. Mai karɓar fam ko dala a kowane wata yana isa manyan matakan nan da wuri fiye da yadda yake zato. Idan kuma aka cire masa wani haraji a Birtaniya, yarjejeniyar hana biyan haraji sau biyu da ƙasashen suka ƙulla a 1987 tana ba shi hanyar neman rangwame, amma sai ya ajiye yarjejeniyar aikinsa da takardun neman biya da bayanan banki domin ya nuna su ranar da aka tambaya.